Jakin Jitar Lantarki: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Amo da Jimawar Sauti

Waɗannan su ne tambayoyin da makaɗan jita a Kano suka fi kawo wa mai gyara, daga masu kiɗa a majami'un Sabon Gari zuwa samarin da ke naɗar waƙa a ƙananan situdiyo na cikin gari. Ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kan gangar jikin jita mun kira shi jaki, domin sunan da makaɗan garaya da goge suka daɗe da ba ɗan icen da ke ɗauke da tsirkiya ke nan. Ƙananan ƙarafan da ke bisa jakin, waɗanda kowace tsirkiya ke kwantawa a kai, mun kira su sirdi.

Tambaya: Tun da maganaɗisu ne ke ɗaukar sautin jitar lantarki, ina ruwan jaki da amo?

Amsa: Gaskiya ne cewa na'urar ɗaukar sauti ba ta jin katako, motsin tsirkiyar ƙarfe kawai take ji, amma yadda tsirkiyar ke motsi ya dogara ne a kan wuraren nan biyu da ta dafa, wato can sama a wuyan jita da kuma nan ƙasa a kan sirdi. Idan aka kaɗa tsirkiya, ƙarfin da yatsa ya zuba mata yana kai da komowa tsakanin waɗannan wurare, kuma duk lokacin da ya iso kan sirdi, wani kaso yana komawa cikin tsirkiya, wani kaso kuma yana zurarewa cikin jaki da katako. Abin da ya zurare ya tafi ke nan. Idan jakin yana da nauyi da tauri, kuma ya zauna daram, kaɗan ne ke zurarewa, sai sauti ya jima. Idan yana da sassauci ko yana lilo, sai ya sha ƙarfin da wuri, kuma ba ya shan kowane ɓangare na sautin daidai wa daida, yakan cinye siririn amo ya bar mai kauri, ko akasin haka. Daga nan bambancin amo yake fitowa.

Wanda ya san garaya zai gane wannan da sauri idan ya juya lissafin. A garaya, jaki yana zaune a kan fata, kuma aikinsa shi ne ya miƙa wa fatar motsin tsirkiya domin ta yi ƙara, shi ya sa sautinta ke fita da ƙarfi ya kuma mutu nan take. A jitar lantarki amfilifaya ce ke ɗaga murya, saboda haka ba a buƙatar jakin ya yi kyauta da ƙarfin tsirkiya. Rowa ake so ya yi.

Tambaya: Jaki iri nawa ne, kuma yaya zan gane wanda ke jikin jitata?

Amsa: Kashi biyu ne manya, kafaffe da mai motsi, sai dai kowane kashi yana da 'ya'ya.

A cikin kafaffu, wanda ya fi tsufa a kasuwa shi ne na Telecaster, jitar da kamfanin Fender na Amurka ya fitar a 1950 da sunan Broadcaster kafin ya sauya mata suna a 1951. Faranti ne na ƙarfe da aka ɗaure da sukurori a jikin katako, yana ɗauke da sirdi uku, kowane sirdi tsirkiya biyu, tsirkiyoyin kuma suna ratsa katakon ta baya. Sai na kamfanin Gibson mai suna Tune-o-matic, wanda Ted McCarty ya ƙirƙiro, aka sa shi a jikin jitar kamfanin mai suna Les Paul Custom a 1954. Shi wannan yana tsaye a kan ƙafafu biyu, yana da sirdi shida, kuma a bayansa akwai wata sandar ƙarfe dabam wadda ke riƙe ƙarshen tsirkiyoyi. Kafin zuwansa Gibson ya yi amfani da sanda guda ɗaya tak wadda tsirkiya ke zagayowa ta samanta, ita ce jaki ita ce mariƙi, kuma har gobe akwai makaɗan da suka fi son ta saboda babu wani abu a jikinta da zai yi kwaramniya.

A cikin masu motsi, wato waɗanda ke da sandar da makaɗi ke dannawa ya girgiza sauti, wanda ya fi yawa a hannun mutane a Kano shi ne irin na Stratocaster, jitar Fender ta 1954, ko kuma kwaikwayonsa a jitocin da ake shigowa da su daga Sin da Indunusiya. A ƙarƙashin farantinsa akwai dunƙulen ƙarfe da ya ratsa jikin jita, idan kuma aka buɗe murfin baya za a ga sifirin, yawanci uku, da gurbin biyar, suna jan dunƙulen domin su yi wa tsirkiyoyi kishiya. Akwai Bigsby, wanda Paul Bigsby ya ƙera, mai sifirin ɗaya a ƙarƙashin sanda, wanda ba ya nisa da sauti, lallausar girgiza kawai yake bayarwa. Akwai na Jazzmaster, wata jitar Fender ta 1958, inda tsirkiya ke da doguwar tafiya a bayan jaki. Sai kuma Floyd Rose, wanda aka yi wa rajistar mallaka a 1979, makaɗin jita Eddie Van Halen kuma ya yayata shi. Shi wannan jakin yana kulle tsirkiya a kan sirdi da kuma can saman wuya, ta yadda za a iya danna sanda har tsirkiyoyi su saki gaba ɗaya, a sake ta su dawo kan saitinsu.

Tambaya: An ce kafaffen jaki ya fi mai motsi jimar da sauti. Haka ne?

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma masu sayarwa sun kumbura ta. Jaki mai motsi yana tsaye ne a tsakanin ja biyu, jan tsirkiyoyi, wanda a matsakaicin kauri yakan kai wajen kilo 45, da jan sifirin, kuma duk abin da ke iya motsi yana iya shan ƙarfin tsirkiya. Wannan shi ne dalilin da ya sa, idan komai ya zo daidai, kafaffen yakan ɗan fi. Sai dai komai ba ya zuwa daidai. Mutane sukan ɗauki Les Paul da Stratocaster su gwada, su ji ta farko ta fi jimawa, su ce aikin jaki ne, alhali jitocin nan biyu sun bambanta a kusan kowane abu: tsawon tsirkiyar Fender inci 25.5 ne, na Gibson 24.75, wuyan ɗaya da sukurori aka ɗaure shi, na ɗayar da gam aka haɗa, katakon dabam, na'urar ɗaukar sautin ma dabam, ta Les Paul ta fi tura wa amfilifaya ƙarfi, amfilifayar da aka matsa wa kuwa takan danne farkon sauti ta ɗago ƙarshensa, sai kunne ya ji kamar tsirkiyar ce ta daɗe tana motsi. Hausawa na cewa an bar jaki ana dukan taiki, a nan kuwa jakin ake yabo ko duka a kan abin da kayan da ke kewaye da shi suka aikata.

A ganinmu, jaki mai motsi da aka ƙera da ƙarfe mai kyau aka kuma saita shi da kyau ya fi kafaffen da ƙafafunsa ke rawa a cikin raminsu. Zaman jakin ya fi irinsa muhimmanci.

Tambaya: Me ya sa Telecaster ke da kaifin amo haka?

Amsa: Domin na'urar ɗaukar sautinta ta ƙasa ba a jikin katako ko roba take rataye ba, a cikin farantin jakin kanta take zaune, a karkace, kusa da sirdi. Farantin baƙin ƙarfe ne da maganaɗisu ke kamawa, saboda haka yana taɓa yanayin maganaɗisun, kuma kusa da jaki tsirkiya ta fi fitar da siririn amo. Wanda ya sauya farantin da na tagulla ko na ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa yakan ji amon ya ɗan sauya. Lahanin sirdi uku shi ne tsirkiya biyu na tarayya a sirdi ɗaya, ba a iya daidaita tsawon kowace ita kaɗai, abin da ya sa aka fito da sirdi masu gangare da ke rage wannan matsala, da kuma faranti mai sirdi shida.

Tambaya: Shin irin ƙarfen da aka yi jaki da shi yana sauya amo, ko tallar 'yan kasuwa ce?

Amsa: Yana sauyawa, amma da ɗan kaɗan, kuma an fi jin sa idan ana kiɗa da tsaftataccen sauti ba tare da an cika amfilifaya da gurnani ba. Makaɗa da yawa suna siffanta baƙin ƙarfe da kaifi, tagulla da ɗumi da kauri, alminiyam kuma da sauƙi da buɗewa; sandar bayan Les Paul ta shekarun 1950 ta alminiyam ce, daga baya aka koma zinki mai nauyi, kuma masu son tsohon amo suna komawa ga ta farkon. Waɗannan siffofi na kunne ne, kunnuwa kuma ba ɗaya ba ne, don haka kada mutum ya kashe kuɗin da ya kai rabin kuɗin jitarsa a kansu.

Inda ƙarfe ke da muhimmanci ba tare da gardama ba shi ne wajen ƙarko. Jitoci masu araha sukan zo da siririn dunƙule na zinki mai gautsi, wanda ke tsagewa a daidai ramin da sanda ke shiga, da sirdi masu laushi da tsirkiya ke yi wa rami har bakin ramin ya yi kaifi ya dinga tsinke ta. Idan tsirkiya ɗaya tana yawan tsinkewa kuma kullum a kan sirdi take tsinkewa, ba tsirkiyar ce mara kyau ba, sirdin ne ke buƙatar a goge shi da lallausan sanfefa ko a sauya shi. Shi ma Tune-o-matic na zinki yakan lotsa a tsakiya bayan shekaru, musamman idan an danne sandar baya har ƙasa, sai tsirkiyoyin tsakiya su fara taɓa ƙarafan wuya.

Tambaya: Tsirkiyar da ta ratsa katako ta baya ta fi wadda aka saƙala a saman faranti?

Amsa: Abin da ke aiki a nan shi ne kusurwar da tsirkiya ke karyawa a kan sirdi. Idan ta ratsa ta baya, karyawar tana da tsanani, tsirkiya ta danne sirdi sosai, sirdin ya danne faranti, babu abin da ke rawa. Idan a sama aka saƙala ta, dannawar ba ta kai haka ba, wasu makaɗa kuma sun fi jin daɗin lanƙwasa tsirkiya a haka. Fender da kansa ya gwada saƙalawa ta sama a Telecaster a wajajen 1958 zuwa 1959, sannan ya koma tsohuwar hanya. A lura cewa jan tsirkiya a kan sautin da aka saita ta ba ya sauyawa saboda hanyar saƙalawa, domin tsawo da kauri da sautin ne ke yanke shi. Abin da ke sauyawa shi ne yadda yatsa ke jin ta. Jazzmaster ce misalin ƙarshen wannan lamari, domin kusurwarta ba ta da yawa, sautinta ba ya jimawa sosai, ragowar tsirkiyar da ke bayan jaki kuma tana amsawa da wani siririn amo, wanda wasu ke ƙi wasu kuma dominsa suke sayen ta.

Tambaya: Idan na lanƙwasa tsirkiya ɗaya sai sauran su sauka, idan kuma ɗaya ta tsinke ana tsakiyar kiɗa sai duk jitar ta rikice. Jitar ta lalace ne?

Amsa: Ba ta lalace ba, jakinta ne ke shawagi. Idan aka saita jaki mai motsi ya ɗaga daga jikin katako, ya zama kamar sikeli: lanƙwasa tsirkiya ɗaya yana ƙara ja, jakin ya sunkuyo gaba, sauran tsirkiyoyi su ɗan saki. Tsinkewar ɗaya kuma tana rage ja, sifirin su rinjaya, sauran biyar su hau sama. Ga wanda ke kiɗa a biki ko a majami'a, kuma ba shi da jita ta biyu a gefe, wannan ba ƙaramar fitina ba ce.

Magani iri biyu ne. Na farko, a buɗe murfin baya a ƙara ɗaure sukurori biyun da ke riƙe sifirin, ko a ƙara sifirin, har farantin ya kwanta a jikin katako. Sanda za ta ci gaba da aiki zuwa ƙasa kawai, tsinkewar tsirkiya kuma ba za ta ƙara rikita saura ba. Na biyu, ga wanda ba ya taɓa sandar sam, a yanko ɗan katako mai tauri daidai faɗin gurbin a cusa tsakanin dunƙule da bangon ramin. Makaɗin jita ɗan Ingila Eric Clapton haka yake yi wa Stratocaster ɗinsa. Kowane kafinta zai iya yanko wannan katako, kuma idan aka gaji da shi cire shi kawai za a yi, babu ramin da aka huda.

Tambaya: Ina sha'awar jita mai Floyd Rose. Za ta yi mini a Kano?

Amsa: Za ta yi idan irin kiɗanka yana buƙatar nitso da tashi da sanda, kuma kana da haƙurin zama da alanki. Sauya tsirkiya a jikinsa yana cin lokaci, domin sai an yanke ƙwallon ƙarshen tsirkiya an kulle ta a sirdi, sannan a yi ta zagaya saiti har jakin ya daidaita, sauya kaurin tsirkiya ko sauke saiti kuma yana nufin sake ɗaurin sifirin. Abin da ya fi damun mai gyara shi ne kwaikwayon da ke zuwa a jitoci masu araha. Duk jakin yana lilo ne a kan baki biyu masu kaifi kamar wuƙa, idan ƙarfen ba mai tauri ba ne bakin ya dakushe, jakin ya daina komawa inda ya taso, sannan samun madadinsa daidai ma'auni ba abu ne mai sauƙi ba. Mai koyo da zai sayi jitarsa ta farko, kafaffen jaki ya fi masa kwanciyar hankali.

Tambaya: Ina son amon jitar Agadez. Wane jaki zan nema?

Amsa: Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar da ya yi suna da wannan kiɗa, wanda bahago ne, an fi ganinsa da Stratocaster, amma jakin ba shi ne sirrin ba. Amon nan yana fitowa ne daga kaɗawa da yatsu, da saurin bugun yatsun hannun da ke kan wuya, da barin wata tsirkiya tana amsawa a ƙasa. Wannan na ƙarshe ne ya shafi jaki, domin tsirkiyar da ke amsawa ba ta son jakin da ke shawagi, saboda haka a kwantar da farantin.

Tambaya: Akwai wuri ɗaya a wuyan jitata da sauti ke mutuwa da wuri. In sauya jaki?

Amsa: Kada ka yi saurin sauyawa. Idan wuri ɗaya ne ko biyu, mafi yawanci wuyan jitar ne ke amsa wannan sautin yana shanye shi. Gwajin ba shi da wuya: ka jingina kan jitar da bango ko ƙofar katako, ka sake kaɗa wurin, idan sautin ya jima, to wuya ne, jaki ba shi da laifi. Idan kuwa duk jitar ce ba ta jimar da sauti, a fara da tsirkiyoyi, domin tsohuwar tsirkiya mai tsatsa da dauɗa ita ce babbar mai kashe amo. Daga nan a duba ko na'urar ɗaukar sauti ta matso kusa da tsirkiya fiye da kima, domin maganaɗisunta yana jan tsirkiyar yana tsayar da ita, musamman a Stratocaster. Sai a duba ko tsirkiya ta yi ƙasa har tana gogar ƙarafan wuya, da ko sukurorin wuya sun saki. Jaki shi ne na ƙarshe a layi, a jikinsa ma ƙananan sukurori biyun da ke ɗaga kowane sirdi za a fara dubawa, domin idan ɗaya bai taka faranti ba sirdin zai dinga zuza.

Tambaya: Yaya yanayin Kano ke shafar jaki?

Amsa: Ta hanya uku. Ƙurar hunturu tana shiga ramukan sukurori da ƙarƙashin sirdi, ta haɗu da maiƙo ta zama kamar sanfefa. Gumin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana sauka daidai inda tafin hannu ke kwantawa, gishirinsa ya ci ƙananan sukurorin har alanki ya kasa kama su. Sannan katako yana ƙanƙancewa a bushewar hunturu ya kumbura da damina, wuya ya motsa, tsayin tsirkiya ya sauya, ƙafafun Tune-o-matic kuma su iya sakin raminsu. Saboda haka jita a Kano tana son a duba saitinta sau biyu a shekara, farkon hunturu da farkon damina. A goge jaki da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa, a share ƙura da tsohon buroshin haƙori, a ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kan sukurori, a kuma guji barin jita a cikin mota da rana.

Tambaya: Jitata tana gurnani, idan na taɓa jaki sai ta yi shiru. Wani lokaci kuma ina jin wuta tana ja na.

Amsa: Na farkon ba lahani ba ne. Akwai siririyar waya da ke haɗa jaki da layin ƙasa na jitar, idan ka taɓa tsirkiya ko jaki jikinka ya haɗu da layin, gurnanin ya ragu. Idan taɓawa ba ta rage komai ba, wataƙila wayar ta cire, musamman bayan an sauya jaki. Na biyun kuwa haɗari ne na gaske, kuma ba daga jitar yake ba: amfilifayar ce ke zubo wuta, ko kuma soket ko janaretan da aka jona ba shi da waya ta ƙasa. A kashe nan take a kira mai gyaran lantarki, kada a taɓa makirufo da tsirkiya a lokaci ɗaya, kada kuma a yi kiɗa ba takalmi a kan siminti.

Tambaya: Na yanke shawarar sauya jaki. Me zan auna kafin in saya?

Amsa: A auna da ma'aunin milimita, kada a dogara da hoto ko da cewa sunan jitar iri ɗaya ne. Abu na farko shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiya ta farko da ta shida a kan sirdi: tsohon tsarin Fender wajen milimita 56 ne, jitocin Asiya da yawa kuma wajen 52 da rabi, idan aka ɗora mai faɗi a kan siririn wuya tsirkiyoyin gefe za su dinga zamewa. Na biyu shi ne tazarar ramukan sukurori ko ta ƙafafu biyun, da irin zaren sukurorin, domin na Amurka da inci ake yanka su, na Asiya da milimita, kuma ba sa shiga juna. Na uku shi ne zurfin dunƙule, domin wasu jitoci masu araha siraran jiki gare su, dogon dunƙule zai leƙo ta baya ya hana murfi rufuwa. Bayan an ɗaura, sai a daidaita tsawon kowace tsirkiya da na'urar saiti: a kaɗa ta a sake, sannan a danne ta a gida na 12, wato bayan ƙarfe na 12 a wuya, idan sautin ya haura a ja sirdi baya, idan ya gaza a matso da shi gaba, a sake saita tsirkiyar kafin a kuma gwadawa.